Farantin da Baba Ilu Ya Tsamo Daga Bokiti

Ku ɗaliban da aka turo mana koyon aiki satin nan, na ga abin da ɗayanku ya rubuta a guruf ɗinmu na waya, wai aikin lab, ɗakin gwaje-gwaje, ai hutu ne, ka zauna ƙarƙashin fanka ka leƙa madubin ganin ƙwayoyin cuta ka cika takarda. Ba zan kama suna ba, amma mai jar hula ya san kansa. Dariya na yi har direba ya waiwayo. Yanzu haka ina cikin mota daga Bacirawa, gwiwar hannun wata baiwar Allah a haƙarƙarina, buhun barkono a kan ƙafata, da yatsa ɗaya nake rubutun nan. In kun ga kuskure ku yi haƙuri. Tafiyar da saura, to bari in ba ku labarin faranti ɗaya tak.

Ranar da na kama aiki a asibitin nan na yankin Bagwai, na zo da farin kot an dame shi da guga kamar zan je ɗaukar hoto. Baba Ilu ya dube ni sama da ƙasa. Shi ne dattijon da kuka gani a kusurwa da gilashi ɗaure da zare. Ba shi da digiri, kuma duk mai digirin da ya shigo ɗakin nan a hannunsa ya koyi aiki. Ya ce, "'Yar birni, kin iya riƙe rago?"

Na ɗauka wasa ne. Ashe da gaske muna da rago a bayan lab, sunansa Kwamishina, saboda ba ya tashi sai ya ga dama. Farantan da muke shuka ƙwayoyin cuta a kai, abincin da ke cikinsu da jinin rago ake haɗa shi, shi ya sa kuke ganin su jajaye. Na riƙe ƙaho, Baba Ilu ya nufo wuya da sirinji, Kwamishina ya yi tsalle ɗaya ya ja ni har bakin famfo. Masu jinya suna ta tafi. Kot ɗin bai ƙara komawa fari ba. Kwamishina yana nan, ranar Talata kuma layinku ne.

Bayan rago sai waya. Siririyar wayar nan mai ɗan zobe a baki, ki ƙona ta a wuta ta yi ja, ki jira ta huce, ki ɗebo mugunya ko majina, ki ja layi a kan faranti ba tare da kin yage fuskarsa ba. Wata biyu ina yage faranti. Baba Ilu yana cewa, "Shafa ake, ba huɗa ba. Wa ya aike ki noma?" In kin gama, ki kife farantin a inkubeta, akwatin nan mai ɗumi irin na jikin mutum. Bayan kwana biyu ki duba. In wani abu ya tsiro ki bi shi ki gano sunansa da maganin da ke kashe shi. In babu, ki rubuta ba a ga komai ba, ki jefa farantin a bokitin waɗanda za a dafa a zubar. Haka aka koya mana a makaranta, kuma a yawancin aiki daidai ne. Ƙwayoyin da muka saba da su 'yan gaggawa ne, kwana ɗaya sun cika faranti.

Shekarata ta uku ita ce muguwar shekara. Taransifoma ta ƙone tun kafin azumi, janareto sai an ga dama, babbar inkubeta ta mutu murus. Muka koma kan wata 'yar ƙarama mai hawa uku da ake haɗawa da sola. Duk asibiti, fitsari da jini da majina, a cikin abin da bai fi akwatin lefe ba. Kuma hawa na ƙasa Baba Ilu ya mallake shi. Nan yake ajiye wasu tsofaffin farantai, sati ɗaya, sati biyu, ya naɗe bakinsu da salatif, ya ajiye ɗan kofin ruwa a gefe don kada su bushe. Ni a ganina tarkace ne. Da ya tafi hutun wata biyu, washegari na kwashe su tas, na goge wurin, har hoto na ɗauka don murna.

A cikin hutun nan nasa aka fara kawo min aikin Malam Ɗayyabu.

Malam Ɗayyabu manomin albasa ne a wani ƙauye can bayan dam. Wata biyar kafin nan an yi masa tiyatar zuciya a wani babban asibiti mai nisa, aka tsaga ƙashin ƙirji, aka canja masa bawul ɗaya, 'yar ƙofar da jini ke bi a zuciya, da na ƙarfe, aka ɗaure ƙashin da waya. Bawul ɗin yana ƙara. In ɗaki ya yi shiru za ki ji cak, cak, cak daga cikin rigarsa. Duk ƙauyen Mai Agogo suke ce masa, shi kuma daɗi yake ji. Ranar da ya fara shigowa wurina ya ce, "'Yata, kashe fankar nan ki ji ikon Allah." Na kashe. Ya tsaya ƙiƙam yana murmushi kamar wanda ya sayi sabon babur.

Amma a ƙasan ɗinkin akwai wani ɗan kumburi da ya fashe yana tsattsafo da ruwa. Ba zafi sosai, zazzaɓi sama-sama da yamma, rama a hankali. An ba shi magani kala-kala, ciwon ya lafa kwana huɗu ya dawo. Sau uku nas ta shafo bakin ciwon da auduga mai tsinke ta kawo min. Sau uku na shuka, na jira kwana biyu cif, na ga faranti fes, na rubuta ba a ga komai ba, na sa hannu da wani salo da na koya a makaranta, na jefa a bokiti.

Karo na huɗu, likitarmu, Dakta Saude, ta ce a daina shafar sama. Ta tsayar da magungunan na 'yan kwanaki, ta sa allura ta zuƙo mugunyar daga can ciki, ta kawo min da hannunta ranar Alhamis. Na shuka. Ranar Asabar na duba, fes. Na jefa a bokiti, na jawo takarda.

Ranar ce Baba Ilu ya dawo daga hutu. Ya buɗe inkubeta ya ga hawansa wayam. Ya leƙa bokiti, ya sa safar hannu, ya ɗauko farantin da ke sama, ya karanta sunan.

"Wannan na waye?"

Na ba shi labari.

"Wata nawa yana ruwa?"

"Kusan uku, Baba."

"Magani kala nawa?"

"Biyar."

"An tsaga ƙirji, an sa waya, an sa ƙarfe, wata uku abu yana cin mutum a hankali, magani biyar bai taɓa shi ba. Ke kuma kin ba shi kwana biyu ya fito ya gaishe ki. Abin da bai yi gaggawa a jikin mutum ba, a farantinki zai yi?"

Na ce, "Baba, littafi cewa ya yi..."

"Littafin fitsari kika karanta. Miƙo salatif."

Allah ya taimaka murfin bai buɗe ba, kuma bokitin busasshe ne. Ya naɗe farantin, ya mayar hawan ƙasa, ya dawo da ɗan kofinsa na ruwa. Sannan ya juyo ya ce, "Sauran ukun fa?" Na nuna masa bayan gini, inda ake ƙona shara. Ya ce, "Allah ya jiƙansu."

Ranar Litinin matar Malam Ɗayyabu, Inna Kande, ta zo karɓar takarda. Na ce mata ba ta fito ba, a ƙara mana kwanaki. Ta gyara mayafi ta ce, "Ku sha zamanku, 'yar nan. Ai Malam ya gama magana. Ya ce takarda uku ta asibiti ta ce ba komai, to ciwon ba na asibiti ba ne, mataccen jini ne ya taru. Jibi Laraba da hantsi Ɗanliti wanzami zai zo ya tsaga wurin ya kafa ƙaho ya zuƙe shi."

Biro ya faɗi daga hannuna. Ku riƙe wannan da kyau: duk mai bawul na ƙarfe yana shan maganin tsinka jini kullum har ƙarshen ransa, don kada jini ya daskare a kan ƙarfen. Irin wannan mutumin ko ɗan yanka ya samu sai an yi da gaske jinin ke tsayawa. To a ce aska a tsakiyar ƙirji, a kan ƙashin da bai gama haɗewa ba, a ƙauyen da mota ba ta shiga in an yi ruwa.

Na ja Inna Kande har ofishin Dakta. Dakta ta yi mata bayani, ta kira Malam ɗin a waya. Muna jin muryarsa: "Likita, na gode, Allah ya saka. Amma ku da kanku kuka rubuta ba ku ga komai ba. In kun gani ku faɗa min sunansa in fasa. In ba ku gani ba ku bar ni in gwada na gida." Ya yi sallama cikin mutunci ya kashe. Dakta ta kalle ni. Takardun nan uku duk da sa hannuna mai salo.

Talata na buɗe inkubeta ya fi sau goma, har Baba Ilu ya ce in na ƙara zai ɗaure ni tare da Kwamishina, wai ina fitar da ɗumin inkubetar. Da la'asar, in ka karkata farantin wajen taga, akwai wasu ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gari. Na ce mu ɗiba. Ya ce, "Me za ki ɗiba? Ki bari su yi ƙwari. Gobe."

Laraba motar farko na shigo. Na tarar da Baba Ilu ya riga ni, yana tsaye gaban inkubeta. Ya ɓare salatif, ya ɗan ɗaga murfin. Wani ƙanshi ya taso, na ƙasa in an yi ruwan farko. A cikin lab, ana tsakiyar bazara, ko gajimare babu! Kada in ga wani ya kai hanci faranti don na faɗi haka, haramun ne a ɗakin nan, shi wannan da kansa ya iso mu. A kan jan farantin ga wasu farare busassu kamar an marmasa alli, sun kama abincin gam, in ka taɓa da waya ba sa shafuwa, sai dai su ɓantare.

Baba Ilu ya ce, "Sau biyu na taɓa ganin wannan a rayuwata. Shafa a gilas."

Na shafa, na zuba kalar rini, na wanke, na sa a madubi. Jama'a! Ba 'yan ƙwallaye ba, ba 'yan sanduna ba, irin waɗanda muka saba. Zare ne sirara masu rassa, sun bazu ko'ina, jikinsu ɗigo-ɗigo kamar carbi. Muka yi kala ta biyu, irin ta gwajin tarin fuka amma da ruwan wanki mai sauƙi, zaren suka riƙe ja. Baba Ilu ya leƙa, ya cire gilashinsa, ya ce, "Nokadiya." Ƙwaya ce da ke zaune a cikin ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ba kasafai take kama mutum ba, in ta kama kuma a hankali take ci, kuma duk magungunan nan biyar ba nata ba ne.

Na yi wani ihu har mai shara ta yar da tsintsiya. Na kara kyamarar wayata a idon madubin na ɗauki hoto, na ruga ofishin Dakta ba takalmi a ƙafa ɗaya. Ta duba ta ce, "Sai an tabbatar a birni, amma wannan ya isa a tsayar da aska. Kira su." Wayar Malam a kashe. Ta Inna Kande tana wurin mai caji. Ƙarfe tara saura. Dakta tana da mai naƙuda a kan gado, ba ta da halin fita.

Baba Ilu ya tayar da tsohon babur ɗinsa ya ce, "Hau, 'yar birni."

Ban taɓa sanin dattijon nan yana gudu ba. Muka bi ta gefen dam, ta tsakiyar fadamun albasa, gida na bin gida, gona na bin gona, kowa ya gan mu sai ya ɗaga hannu, shi kuma sai ya saki kan babur ya amsa. Ina ta salati, hijabina na tashi kamar tuta, waya a damƙe a ƙirji.

Muka same su a zaure. Malam Ɗayyabu a kishingiɗe kan tabarma ba riga. Ɗanliti wanzami, wani siririn tsoho mai furfura, ya baje zabira, ya jera ƙaho uku, yana wasa aska a tafin hannu. Na diro zan yi magana, Baba Ilu ya riƙe min hannun hijabi. Ya yi sallama. Ya tuɓe takalmi. Ya durƙusa.

"Malam, an tashi lafiya? Ya jiki? Ya iyali? Ya zafi? Ya aka ji da ban-ruwa? Sarkin Aska, barka da hantsi. Ya aiki? Ya mutan gida?"

Su ma suna mayar masa ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar wani ƙanin Baba Ilu da suka sani a kasuwar Rimin Gado. Ni ina tsaye ina tsalle a ƙafa ɗaya, idona a kan askar. Sai da aka kawo ruwa ya kurɓa, sannan ya ce, "Yarinyar nan ce take da saƙo."

Na durƙusa na ce, "Malam, ka ce in mun gani mu faɗa maka sunansa. Mun gani." Na miƙa masa waya.

Ya karɓa, ya nisanta ta da ido, ya matso da ita. Ya daɗe. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai cak, cak, cak. Ya ce, "Wannan a jikina yake?"

"A cikin ruwan da Likita ta zuƙo."

"To da kuka ce babu?"

"Yana nan, Malam. Ni ce ban jira ya fito ba."

Ya sake kallo ya ce, "Ɗanliti, zo ka ga. Wannan ai saiwar ƙiri-ƙiri ce." Ciyawar nan da ke addabar manoma. Ya juyo gare ni. "Irin wadda in ka sare kanta ta sake tsirowa ta ƙasa?"

Baba Ilu ya ce, "Ita ce, Malam. Aska ba ta kai wa inda take. Ga kuma maganin tsinka jinin da kake sha."

Ɗanliti ya tsaya da wasa aska. "Wane magani?"

Malam Ɗayyabu ya kau da kai yana kallon azara.

Ashe taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, kuma Malam bai faɗa masa ba don ya san zai ƙi. Baba Ilu ya yi wa wanzamin bayani a taƙaice. Ɗanliti ya miƙe tsaye.

"Amma kai dai Ɗayyabu an yi mugun bawa! Shekara arba'in ina aikin nan ba a taɓa ɗaukar gawa a gabana ba, sai kai za ka ɓata min suna? Ka tsiyaye a tabarma a ce Ɗanliti ya yanka taubashinsa kamar kaza? Da wane ido zan kalli Kande?"

"Kai dai tsoro ne da kai. Askar ma ba kaifi, tun ta kakanka."

"Tashi ka sa riga, mai ƙirjin gwangwani! Agogon banza, ko lokacin salla ba ya faɗa."

Daga bayan ƙyaure muka ji Inna Kande ta sheƙe da dariya, da alama tun ɗazu tana nan. Ɗanliti ya tattara ƙahonsa ya zuba a zabira, ya ce shi da kansa zai raka shi asibiti, don in aka bar shi da mata zai lallaɓa ya gudu gona.

Abin da ya biyo baya ba wasa ba ne. Dakta ta tura shi birni da farantin a cikin kula. Can suka tabbatar da ƙwayar, suka gwada magungunan da take ji, suka yi hoton zuciya suka ga ba ta kai ga bawul ba, alhamdu lillahi. Aka shiga da shi tiyata ƙarama, aka kankare wurin, aka cire waya ɗaya da ta ɓaci. Sati da sati yana karɓar allura, sannan aka sallamo shi da maganin saftirin. E, saftirin ɗin da kuka raina. Amma kada wani ya ji ya fara rubuta wa mutane, don yana ƙara wa maganin tsinka jini ƙarfi ƙwarai, sai da Dakta ta rage masa wancan, kuma duk sati sai ya zo mun auna tsinkewar jininsa. Yadda ƙwayar ta shiga kuwa, Dakta ta ce ba mai iya rantsewa. Ko tun wurin tiyatar farko ne, ko kuma don ya koma watsa taki ba riga tun ɗinki bai gama kamewa ba. Da aka tambaye shi ya ce shi dai leƙa gonar kawai ya je yi. Inna Kande ta ce, "Da kwando a ka."

Daminar nan bai yi noma ba. Ranar awo kuma tare suke zuwa da Ɗanliti, suna faɗa tun daga bakin get.

A wata na tara da fara maganin, ranar wata Litinin, nas ta leƙo lab ta ce Dakta na kiran mu. Muka tarar da Malam a kan gado, Inna Kande a gefe, Ɗanliti a tsaye da zabira a kafaɗa. Dakta ta ɗaga bandejin da ya kwana uku a wurin ta nuna mana. Fari fat, ko ɗigo babu. Ta danna ƙashin sama da ƙasa, ta ce ya yi tari, ya yi. Ba abin da ya motsa. Ta ce maganin zai ci gaba da sha har wata uku, amma daga yau an gama wankin ciwo.

Ɗanliti ya sunkuya ya duba tabon da kyau, ya taɓe baki ya ce, "Ba laifi. Da ni ne dai da ya fi haka miƙewa."

Malam Ɗayyabu bai ko kalle shi ba. Ya ce, "Likita, gona fa?"

"Ka je. Amma da riga, kuma ba kai ba ɗaukar taki."

"Yaushe?"

"Ko gobe."

"Yau fa?"

Dakta ta duba takardunsa ta ce, "To, yau ɗin."

Kafin ta rufe fayil ya zura riga a baibai ya fice. Ta taga muka hango shi ya wuce wurin masu babur yana sauri ba takalmi, Inna Kande na biye da shi da takalman a hannu tana kiran, "Malam! Malam! Ai sai ka tsaya a karɓi maganin!"